Amsa ga Kawu a kan firintar da ta ƙi bugawa

Assalamu alaikum jama'ar gida. Kawu, ina wuni, ya zafin Tahoua? Na saurari saƙonku, inda kuka ce kun samu firinta Canon LBP2900 ta hannu ba tare da faifanta ba, kun haɗa ta da kwamfutar gida mai Windows 10, fitilarta tana kamawa amma ko takarda ɗaya ba ta fito ba. A ganina na'urar lafiyarta ƙalau. Abin da ya rage shi ne direba, wato ƴar manhajar da ke tafinta tsakanin kwamfuta da firinta, wadda za ku ga an rubuta ta da sunan pilote tunda kwamfutarku da Faransanci take.

Kafin a sauko da komai, a sa Abdu ya shiga Paramètres, sannan Système, ya duba ko kwamfutar mai 32 bits ce ko mai 64 bits, domin direban ɗaya ba ya hawa kan ɗayar. Daga nan sai ya nufi shafin kamfanin Canon kansa, ya rubuta lambar na'urar daidai yadda take a jikinta. Ina roƙonku kada ya taɓa shafukan nan masu manyan maɓallai kore da ke alƙawarin gyara dukkan direbobi lokaci guda, don na sha wanke kwamfutocin mutane a nan Yamai saboda su. Abin da zai sauko yakan zo a dunƙule, dole a warware shi cikin jaka guda a kan allo inda ba zai ɓace ba.

Yanzu sai a kunna firintar, a soka wayarta ta USB, a koma Paramètres, a shiga Périphériques, sannan Imprimantes et scanners, a danna wurin ƙara sabuwa. Kwamfutar za ta yi ta lalube. Idan rubutu ya fito mai cewa wadda ake nema ba ta cikin jerin, a danna shi, a zaɓi layin ƙarshe, na sakawa da hannu. To, a nan ne mafi yawan mutane suke tuntuɓe. Za ta tambayi ƙofar da na'urar take, kuma abin da take fara nunawa shi ne LPT1, ƙofar tsofaffin firintoci masu faffaɗan kai, wadda kwamfutocin yanzu ba su ma da ita. Wanda ya bar ta a haka zai gama komai lami lafiya, sunan firintar ya bayyana, amma takardun su taru a layi ba su fita ba. USB001 ake zaɓa. Idan ba ta cikin jerin, to firintar a kashe take ko wayar ta lalace, sai a gwada wata; idan kuma akwai USB002, mai yiwuwa an taɓa soka wata na'ura a da, sai a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Bayan haka a danna Disque fourni, a nuna mata jakar da aka warware, a zaɓi fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .inf, a ci gaba har ƙarshe, a buga shafin gwaji. A tabbatar girman takarda yana kan A4, tunda ita ake sayarwa a kasuwanninmu.

Abu ɗaya kuma, Kawu: na san kuna da ƙaramin ondilar, wato akwatin batirin da ke riƙe wa kwamfuta wuta, saboda ɗaukewar wuta, amma kada a jona firintar a kansa, domin irin wannan mai aiki da garin tawada tana jan wuta sosai lokacin da take ɗumama, tana iya kashe shi tare da kwamfutar. Idan shafin gwajin bai fito ba, Abdu ya ɗauko mini hoton allon ya turo nan, zan duba bayan sallar isha'i in Allah ya yarda. A gaida Inna.