Tirelata ta ƙi jin birki a Hawan Kibo, me zan canza?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni direban tirela ne a Bukuru. Shekara 6 na yi ina yaron mota, wata 4 ke nan da aka damƙa mini makulli. Makon jiya na ɗauko masara daga Mangu zan kai Legas. A tsakiyar Hawan Kibo na ji ƙauri, na taka birki motar ta ƙi amsawa yadda ta saba, alhali agogon iska bai faɗi sosai ba. Da ƙyar Allah ya tsayar da ni a ƙasa. Yarona ya watsa wa duram ruwa, muka huta muka wuce. A furi na sako ta, wato na cire ta daga giya, kamar yadda maigidana ya koya mini, don a rage gas. Bakanike ya ce lainin ne, wasu kuma sun ce wurin ne ke da mutanen ɓoye. Tun ranar ba na iya barci, ga shi jibi zan sake lodi. Baba, me zan canza?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Kana da sauran shan ruwa a gaba, shi ya sa kake da bakin tambaya. Na ji daɗi da ba ka iya barci, don wanda ya tsallake irin wannan ya kwanta ya yi minshari, shi nake jin tsoro.

Abin da ya same ka zafi ne. Ka lura da kanka, iska tana nan amma motar ba ta tsaya ba. Duram in ya ɗau wuta yana buɗewa, sai ya nisanci lainin, sandar cemba, wato kwanon iskar da ke danna birki, ta tura har iyakarta ba ta matse ba. Shi ma lainin ɗin in ya ƙone sai fuskarsa ta yi sulɓi kamar gilashi, ƙaurin da ka ji ke nan. Birkin iska ba ya laushi a ƙafa kamar na ƙaramar mota, feda tana nan daram, agogo yana ce maka lafiya lau, motar kuwa tafiyarta take yi. Don haka bakaniken naka bai yi ƙarya ba, wataƙila lainin ya tashi aiki. Abin da bai gaya maka ba shi ne wanda ya ƙona shi. Furi ne.

A nan zan daɗe, ka yi haƙuri, domin babu makon da zai wuce ban yi wannan gardamar da wani direba ba, wani ma furfurarsa ta fi tawa.

Jos tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200. Duk wanda ya bar Riyom ya nufi Forest, gangarowa yake daga saman dutsen nan har ya wuce magangarar ruwa ta Assop, gangarar da ake kira Hawan Kibo ke nan. Ka ɗauki mota da kayanta tan 40. Duk mita 100 da ta yi ƙasa, ƙarfin da za a danne ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita 100, wato rabin duro da ɗoriya. Wannan zafin dole ya sami wurin zuwa. In mota tana cikin giya, inji yana shanye kaso mai yawa ya fitar ta salansa da lagireto. In ka sa furi, ka sallami inji daga aiki, duk zafin ya tattara a kan ƙarfen duram da ɗan lainin da bai kai kaurin tafin hannunka ba. Birkin ƙafa an yi shi ne don tsayawa. Ba a yi shi don ya riƙe tan 40 na tsawon mintoci ba hutawa ba.

Sai maganar gas, wadda ita ce hujjar kowa. Wallahi wannan ce ta fi ba ni haushi, don ko ribar da ake kasadar rai saboda ita babu ita. Mota in tana gangara cikin giya, ka ɗauke ƙafa daga totur, tayoyi ne ke juya inji. Motocin zamani masu kwamfuta, irin DAF da MAN ɗin da suka cika hanya, yanke mai suke yi gaba ɗaya a wannan hali. Tsofaffin masu famfon injekta ma gwamnan famfo, na'urar da ke auna wa inji mai, yana janye man. A furi kuwa inji sai ya sha gas kafin ya riƙe silo, wato ya ci gaba da aiki ba a taka totur ba. Ashe kai da kake ganin kana tsimi, kai ne mai ƙona mai a gangarar. Ɗan abin da furi ke ba ka shi ne gudun da za ka kwasa ka ci gaba da shi a shimfiɗaɗɗiyar hanya, gudun da ya kusa kai ka lahira.

Ban gama ba. Kwamfuresa da inji take juyawa. A silo a hankali take cika tukunya, kai kuma tsoro ya sa kana taka birki kana saki, kana taka kana saki, kowane saki iska ce ke fita. A Mack allurar agogon iska tana wasa tsakanin 100 da 125, ƙararrawa tana kuka wajen 60. In ta ci gaba da faɗuwa birkin sifirin, wato na ajiye mota, zai kama da kansa, a lokacin da ya ga dama, ko a tsakiyar kwana ne, kuma a kan duram ɗin da ya riga ya ƙone. Birkin salansa, wanda ke danne mota ta hanyar inji, shi ma ba shi da abin riƙewa in giya ba ta ciki. In kuma ka farga ka ce bari in mayar da giya, gudun ya wuce inda za ta shiga, sai ƙara kawai take yi maka. Na ga masu kashe inji ɗungurungum a gangara. Waɗannan ban san me zan ce musu ba, don har famfon sitiyari sun kashe.

Na san daga ina abin ya samo asali. Mai mota yana auna maka lita kaza zuwa Legas da dawowa, kuɗin abinci bai taka kara ya karya ba, ga masu sanda da ƙusa a kowace ƙaramar hukuma, ga kwanakin jiran sauke kaya. Tunda gas ya haura naira 1,000 a lita, abin da ya rage a tanki shi ne cefanen gida. Ban raina wannan ba. Amma in ragowar gas kake nema, ka neme ta a iskar taya, da rage gudu, da daina barin inji yana aiki kana cin tuwo a Mararrabar Jama'a. Ka'idar hukumar kiyaye haɗurra ga tirela da tanka kilomita 50 ce a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Mai bin wannan ya fi mai furi ragowar mai.

Maigidanka kuwa, ka ci gaba da girmama shi, ya koya maka sana'a. Za a ce maka shekara 30 yana sakin mota bai taɓa faɗuwa ba. To, waɗanda suka faɗi ba sa zuwa majalisa su ba da nasu labarin.

Maganar mutanen ɓoye ba zan ɓata tawada a kanta ba. Haka ake faɗa a Panshanu ta hanyar Bauchi, haka ake faɗa a tudun Nasarawa Eggon tsakanin Akwanga da Lafiya. Ka tambayi kanka me ya sa aljanun nan ba sa tare kowa sai a doguwar gangara, kuma sun fi son mota mai lodi. Ka yi addu'ar hawa abin hawa, ni ma ina yi. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da raƙumarsa, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Giya ita ce igiyarka.

Ruwan da yaronka ya watsa kuskure ne na biyu. Ƙarfe mai zafi in ya sha ruwan sanyi farat ɗaya yana tsagewa ko ya karkace, kuma tsagar ba lallai ka gan ta daga waje ba. In duram ya yi zafi, ka sami fili ka tsaya, a sa weji, ka bar shi ya huce da kansa. Kada ka ja hambirki a kan duram mai hayaƙi in weji zai riƙe ta.

Kafin lodin jibi, a cire tayoyi a duba kowane duram, na kan mota da na bodi, kana tsaye. Wanda ya tsage ko ya yi shuɗi-shuɗi a canza shi. Lainin da ya yi ƙyalli a jefar, kuma kada ka yarda da na araha marar suna. A auna tafiyar sandar kowace cemba, in ta kai wajen inci 2 tana neman gyara. Ka bi bututun iska ɗaya bayan ɗaya da idonka, domin akwai masu gyaran bakin hanya da in cemba ta fara yoyo sai su lanƙwashe tiyo su ɗaure da waya su ce Oga tafi. Wannan taya ta fita daga lissafi, sauran su ɗauki nauyinta, su ne za su fara ƙonewa. Na sha samun tirela mai aksil 3 a baya, ɗaya kacal ke kamawa, alhali takardar lafiyar mota sabuwa fil tana cikin aljihun direba, an buga mata hatimi ba wanda ya leƙa ƙarƙashinta. Kada takarda ta ruɗe ka. Ka riƙa zubar da ruwan tukunyar iska kullum da safe.

In ka iso saman Hawan Kibo, tsaya kafin ka fara. Zagaya motar, taɓa kusa da kowane duram, jira iska ta cika. Sa giyar da za ka hau tudun da ita da wannan lodin, ko ƙasa da ita da ɗaya, tun kana kan daidai. Kunna birkin salansa. In gudu ya ƙaru, taka sosai na kamar daƙiƙa 3 har ya ragu da kilomita 8 ko makamancin haka, sannan ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya duram ya sha iska. Kada ka taɓa kuloci, kada ka canza giya sai ka sauka. Na bayanka za su yi ta hon, wani ma ya zage ka, ka bar su su wuce. In mai motar ya ƙi biyan kuɗin duram, ka ajiye masa makullinsa jibi, ka turo mini saƙo in yi magana da shi.