Hoton ƙwaƙwalwa a waya ya sa ƙanina ya ajiye magani

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanina ya shekara biyu yana shan maganin ciwon damuwa mai tsanani, ya samu sauƙi har ya koma shagonsa a Kantin Kwari. Sai wani mai kiran kansa ƙwararre ya nuna masa hoton ƙwaƙwalwa a waya, ja ya koma shuɗi, ya ce hifnosis (sa mutum cikin yanayi mai kama da barci ta hanyar magana) da horon nutsuwa (koyon zama shiru ana tattara hankali wuri ɗaya) na mako 8 za su gyara ƙwaƙwalwarsa, ya bar magani. Yau kwana 5 bai sha ba, barci ya ƙaurace masa. Hankalina a tashe yake. Da gaske bincike ya nuna haka? Daga wata 'yar'uwa a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kafin komai, ki kai shi wurin likitan da ya rubuta masa maganin, yau ko gobe da safe. Rashin barcin nan shi ne farkon abin da muke tsoro.

Binciken kam an yi shi, kuma ba na raina shi. A 1997 Pierre Rainville da abokan aikinsa a Montreal ta Kanada sun sa hannun mutane cikin ruwan zafi, suka faɗa musu a ƙarƙashin hifnosis cewa zafin zai rage damunsu. Sashen ƙwaƙwalwar da ke kula da yadda ciwo ke ɓata wa mutum rai ya lafa, amma sashen da ke jin zafin kansa bai canja ba. Daga baya David Spiegel na Jami'ar Stanford ya tantance mutum 545, ya ɗauki hoton 57, ya ga sauyi a waɗanda hifnosis ke kamawa sosai kaɗai, su kuwa kusan ɗaya ne cikin goma. Don haka ba tsafi ba ne, ba rufa-ido ba ne, tattara hankali ne, kuma yana taimakawa wajen rage raɗaɗi. Horon nutsuwa na mako 8 ma Jon Kabat-Zinn ne ya tsara shi a Amurka a 1979, don masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

To amma ga inda ake cutar bayin Allah, abin da nake gani kusan kullum a ɗakin duba marasa lafiya. Launin nan da ke jikin hoton ba kamara ce ta ɗauke shi ba. Na'urar ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa, wato fMRI, gudun jini take aunawa, shi ma bayan daƙiƙa 4 zuwa 6 da faruwar aikin, sai kwamfuta ta yi lissafi ta shafa launi. Mai binciken ne ke zaɓar ja ko shuɗi. Ja ba ya nufin cuta, shuɗi ba ya nufin waraka. Galibi ma hoton ba na mutum ɗaya ba ne, an tara ƙwaƙwalwar mutane da yawa ne aka fitar da matsakaici. Wanda aka nuna wa ƙaninki, ƙwaƙwalwar wa ce? Tasa dai ba wanda ya saka ta a na'ura. A 2009 wasu masu bincike sun bayyana yadda suka saka mataccen kifi a wannan na'ura, wurare suka haskaka a kansa, don su nuna yadda sakaci a lissafi ke haifar da hoton ƙarya.

Maganar cewa mako 8 na canja tsarin ƙwaƙwalwa ta yaɗu ne daga wani bincike na 2011 da mutum 16 kacal suka yi horon. A 2022 tawagar Richard Davidson a Jami'ar Wisconsin ta sake gwadawa da mutum fiye da 200, ba ta ga wannan canjin ba. Masu tallan WhatsApp ba za su gaya miki wannan ba, don ba ya kawo kuɗin rajista. Wallahi raina na ɓaci idan na tuna mun yi shekara biyu muna lallaɓa mutum har ya miƙe, wani ya rushe aikin da hoton da ya kwaso a intanet. Ranar da yaron ya kulle kansa a ɗaki, ko ya fara cewa gara ya mutu, wayar ƙwararren a kashe za ki same ta. Uwa da yaya ne za su kwana a tsaye.

Inda aka gwada rage magani tare da horon nutsuwa, kamar wani babban bincike na Ingila a 2015, likita ne ya bi a hankali, yana duba mutum lokaci zuwa lokaci. Yankewa rana ɗaya na kawo jiri, saurin fushi, rashin barci, sannan ciwon ya dawo. Mai jin muryoyi ko yawan zargi kuwa, doguwar kaɗaita da tunani na iya ƙara dagula shi.

Kada ki ci masa fuska, neman lafiya ne ya kai shi. Ki ce masa horon nutsuwar ba laifi, ya yi shi tare da maganinsa, kamar yadda addu'a ba ta hana shan magani. Ku tafi da kwalin maganin, ku faɗi ranar da ya daina, kada ya koma sha ba da shawarar likita ba. Idan ya ambaci mutuwa ko cutar da kansa, kada a bar shi shi kaɗai, ku nufi Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau a daren. Allah Ya ba shi lafiya.