Amsa: Shin Najeriya na barin man fetur da gaske?

Malam ka tambaya ko gwamnati da gaske take kan sauyin yanayi ko dai surutu ne kawai. To ni dai a ganina kar ka tsaya kan abin da aka faɗa a taro, ka duba abin da ke ƙasa. A takarda kam an yi ƙoƙari, a 2021 Buhari ya je taron sauyin yanayi na duniya a Glasgow ya yi alkawarin kawo ƙarshen ƙara hayaƙi a sararin sama nan da 2060, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan Nuwamba. Amma fa har yau mafi yawan wutar NEPA ɗinmu daga gas take, sauran kuma ruwan Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, ga bututun gas na AKK (Ajaokuta-Kaduna-Kano) ana ta jansa zuwa Kano, wato an dai sauya daga fetur zuwa gas ne. Kuma ƙona gas a Neja Delta tun 1984 aka ce an haramta amma wutar na nan na ci.

Abin da ya fi damuna wallahi shi ne girki. Gas ya yi tsada mata sun koma gawayi da itace, je ka ga motocin gawayi yadda suke shigowa gari, dazuzzukanmu ne ke tafiya. Sola kam ta yaɗu sosai, amma cire tallafin mai a 2023 ne ya kori mutane daga janareta, kowa da kuɗin aljihunsa ya saya.