Wasan magidancin nan da matansa biyu: amsa ga mai tambaya

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce wasan barkwancin nan na magidanci da matansa biyu ya ɗaure maka kai: a gidaje ana dariya har da hawaye, masu sharhi kuwa a rediyo da Facebook suna cewa yana zubar da mutuncin aure. Ka tambaya ko ka bar amaryarka ta ci gaba da kallo. Shekarata 23 a ɗakin miji a nan unguwar Birni ta Damagaram, 11 daga ciki da abokiyar zama, don haka ina da abin cewa.

Gardamar ta girme ka. Muna yara, zamanin shugaba Seyni Kountché, in tashar talabijin ta Nijar, Télé Sahel, ta sa wasan su Yazi Dogo, gidan mai tele a unguwarmu cika yake har zaure. Kakana kullum faɗi yake kwaikwayo aikin marasa abin yi ne, amma buzunsa ne a sahun gaba. Tun da Arewa24 ta fara a 2014 wasannin Kano suka shigo mana ɗaki, yanzu kuma ga YouTube a wayar kowace yarinya. Sukar dai ita ce ta jiya: wai ana tona sirrin gida.

Bari in ba ka abin da ya faru a tsakar gidanmu. Akwai ranar da aka nuna mijin ya ɓoye kilishi a aljihun babbar riga zai kai wa amarya, alhali girkin uwargida ne, sai mai ya ɓullo a jikin shadda ya tona shi. Mu uku muna kan tabarma ɗaya, yara a gefe. Maigidanmu ya ƙyalƙyale, can sai dariyar ta tsaya masa a wuya. Abokiyar zamana ta mintsine ni a cinya ba ta ce uffan ba. Wata uku ke nan ina haɗiye irin wannan magana, kunya ta hana ni buɗe baki, ita ma ashe abin na damunta. Washegari da magariba sai ga shi da ƙunshi biyu daga kasuwar Dole, ya ajiye a tsakiya, ya wuce masallaci. Ba wanda ya sake ta da zancen har yau.

Abin da yawancin masu suka ba su gani ke nan. Da dama daga cikinsu guntun minti biyu ne ya iso musu ta WhatsApp, daidai wurin zagi ko jifa da ludayi. Mu da muke bi mako-mako mun san dariyar ba ta raini ba ce, kanmu muke gani.

Amma akwai inda nake bayansu ɗari bisa ɗari, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna. Maganar saki. An nuna mijin ya danna wa uwargida saki uku saboda gishiri ya yi yawa a miya, aka sako dariyar nan da ake naɗa wa shirin, mako na gaba sai ga ta a madafa tana tuƙa tuwo kamar ba a yi komai ba. Ba idda, ba waliyyi, ba alƙali. Hadisi ya zo a Abu Dawuda da Tirmizi cewa abu uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure, saki da kome. Aya ta 230 a Baƙara kuma ta fayyace cewa bayan na uku ba ta halatta gare shi sai ta auri wani. Na ga ƴar maƙwabtanmu, da goyon wata biyar, an kai maganarta gaban alƙali saboda mijin ya furta cikin fushi yana zaton abu ne da ake janyewa da safe. Ranar da aka zo kwashe kayan ɗakinta har shi kuka yake. Ban ce wasan ne ya koya masa ba, amma yaran da ke kallo kalmar tana yi musu sauƙi a baki. Ɗana mai shekara 17 na zaunar da shi a daren nan na karanta masa ayar.

Sai kuma yadda kullum ake nuna mata ba su san komai ba sai neman kuɗin anko. Wannan ma ban yarda da shi ba. A zo unguwar Zango a ga masu ƙuli-ƙuli da ɗinki da ke cike gibin cefanen jika biyu ba tare da miji ya sani ba.

To, ƙanena, kada ka hana ta. In ka hana a tele za ta gani a wayar ƙawarta, kai kuma ka zama dodo. Ka zauna ku kalla tare. In ka ga ta yi dariya a wani wuri sannan ta dube ka ta wutsiyar ido, ka riƙe wurin, bayan an kashe tele ka tambaye ta a hankali.