Amsa ga uwar da 'yarta ta ɗauki aikin rukuni ita kaɗai

Assalamu alaikum jama'ar guruf, iyaye da 'yan uwana malamai, barkanmu da warhaka. Ƙanwata, na saurari muryarki tun ɗazu, ina cikin aji ne shi ya sa ban amsa ba sai yanzu. Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ta yi an ba 'yarta da ke aji biyar aikin bincike, su shida a rukuni ɗaya. Yarinyar ce ta yi karatun, ita ta yi rubutun, ita ta zana kwalin, ranar bayani a gaban aji ma ita ce ta yi magana, sannan aka tashi aka ba su maki iri ɗaya su duka. Ta dawo gida tana kuka. Shi ne uwar take tambaya wai aikin rukunin nan yana da wani amfani kuwa, ko ta je ta roƙi malamin ya riƙa ba yarinyar nata ita kaɗai.

To ƙanwata, da farko dai kukan yarinyar nan yana kan hanya. Don Allah kada ki rufe mata baki da "yi haƙuri, haka duniya take". Yaro ɗan shekara goma ya san adalci sarai, wani lokacin ma ya fi mu jin zafinsa. Amma fa ni ban ɗora laifin a kan sauran yaran biyar ba. Matsalar tana wajen yadda aka tsara aikin tun farko.

Kin ga wannan abu na wani ya yi aiki wasu su naɗe hannu, ba halin yara ba ne kaɗai. Akwai wani injiniyan aikin gona Bafaranshe, Max Ringelmann, da ya sa maza manya suna jan igiya yana auna ƙarfinsu, ya wallafa sakamakon a 1913. Abin da ya gani shi ne, duk sanda aka ƙara yawan masu ja, sai ƙarfin da kowane mutum ɗaya yake sawa ya ragu. A 1979 wasu masu bincike a Amurka, su Bibb Latané, suka gwada da ihu da tafi, suka ga abu ɗaya. Da suka ci gaba da binciken sai suka gano cewa idan mutum ya san za a iya ware nasa ƙoƙarin a gani, ragwancin nan yana gushewa. Manya ke nan fa. To ina ga yara shida da aka miƙa wa kwali ɗaya da biro ɗaya aka ce su je su yi?

Yanzu ga abin da nake so ki ji da zuciya ɗaya, ko da ba zai yi miki daɗi ba. Da za ki zaunar da sauran biyar ɗin ki tambaye su, ba lallai su ce miki lalaci ne ya hana su ba. Abin da nake yawan ji daga bakin irin waɗannan yaran shi ne: "Malama, ba ta bari na taɓa kwalin ba." "Malama, ta ce rubutuna ba shi da kyau." "Na kawo nawa, aka ce ba shi ake so ba." Yaro mai saurin fahimta tsoron faɗuwa yake yi, sai ya fizge biron ya ce ku kawo in yi. Ba mugunta ba ce. Shi kuwa mai sanyin hannu, sau ɗaya ko biyu aka ture nasa, shi ke nan ya koyi cewa zama shiru ya fi masa sauƙi. Mai ƙoƙarin ta fita da gajiya da haushi, sauran sun fita da jin cewa su ba su iya komai ba. Na biyun nan ya fi ba ni tsoro wallahi, don shi ba ya zuwa gida da kuka, ba wanda zai turo murya a guruf a kansa, a hankali yake zama a zuciyar yaro.

Shi ya sa ban goyi bayan ki cire ta ba. Abin da za ki nema shi ne a gyara tsarin, kuma gyaran sananne ne. A 1971 a birnin Austin na jihar Texas, lokacin da aka fara haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a makaranta ɗaya, gaba ta yi yawa a tsakaninsu. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Elliot Aronson, da ɗalibansa suka shiga azuzuwan firamare suka fito da tsarin da ake kira Jigsaw. Sai a yanka darasi gida-gida, kowane yaro a rukuni a ba shi yanki ɗaya wanda ba wanda ke da shi sai shi. Yaran da ke da yanki iri ɗaya daga rukunoni daban-daban su fara haɗuwa su fahimce shi tare, sannan kowa ya koma rukuninsa ya koyar. Jarrabawa kuma a kan darasin gaba ɗaya za a yi wa kowa. Kin ga ke nan ko kin fi kowa ƙwaƙwalwa, dole ki saurari yaron nan da kike rainawa, don abin da za a tambaye ki yana bakinsa. In yana in'ina, maimakon ki yi masa dariya, gara ki lallaɓa shi da tambaya har ya fito da shi.

Bari in ba ki misali da abin da na gani da idona. Na taɓa ba wani aji bincike a kan inuwa. Tambayar ita ce me ya sa inuwa take canjawa daga safe zuwa yamma. Rukuni na yara huɗu-huɗu. Ɗaya shi ne mai awo, ya kafa sanda a fili yana auna tsawon inuwarta da rula duk bayan awa ɗaya. Ɗaya mai rubuta lambobin ne a jadawali. Ɗaya aka tura ta littafi ta nemo dalili. Ɗaya kuma mai zane. A wani rukuni mai awon wani yaro ne da ba ka jin muryarsa a aji, karatunsa ma da ƙyar. Kwana na farko suka yi faɗa sosai, don mai rubutu ta ce lambobinsa ba daidai ba ne, ai ba yadda za a yi inuwa ta yi ta raguwa sannan ta koma tana ƙaruwa. Ya ce ta zo ta gani. Washegari suka fita tare, ya dinga ajiye tsakuwa a bakin inuwar duk awa, har tsakuwoyin suka yi layi a ƙasa: da safe inuwar doguwa ta miƙe wajen yamma, da rana ta take ta gajarce ta dawo gindin sandar, da la'asar ta juya gabas tana ƙara tsawo. Yarinyar ta tsuguna tana bin tsakuwoyin da yatsa, ta ɗago ta ce masa "ashe gaskiyarka ce". Ita kuwa ta littafi ta zo musu da labarin Eratosthenes, wanda ya rayu a Iskandariya ta Masar sama da shekara 2,200 da suka wuce, ya yi amfani da inuwa ya ƙiyasta kewayen duniya. Ranar nan sun ƙi yarda sai da ta nuna musu shafin.

Ranar bayani, wacce ta fi su baki ta karanto komai tsaf ba tuntuɓe. Sai wani daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce, to me ya sa take gajarcewa da rana? Ta maimaita jimlar da ta haddace. Ya ce shi bai gane ba. Aji ya yi tsit. Na ga mai awon nan yana motsi, na ce masa bismillah. Hannunsa na rawa ya ɗauki tocila, ya tsayar da fensir a kan tebur, ya haska daga gefe, inuwa ta miƙe har bakin tebur. Ya dinga ɗaga tocilar sama a hankali tana janyewa, har ya kawo ta saman fensirin ta kusa ɓacewa. Bai yi jimla uku ba. Yara suka hau tafi ba wanda ya ce su yi. Da ita kaɗai aka ba aikin, da za ta ci makinta cif, amma da ba ta ga bambancin haddace abu da gane shi ba a ranar, shi kuma da ba a san yana ajin ba.

Na ambaci shirun nan da gangan, 'yan uwana malamai. Wata masaniyar harkar koyarwa a Amurka, Mary Budd Rowe, ta yi bincike a farkon shekarun 1970 ta gano cewa mu malamai kusan daƙiƙa ɗaya muke jira bayan mun yi tambaya kafin mu wuce ko mu amsa da kanmu. Idan aka ja jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suna ƙara tsawo, kuma waɗanda ba sa magana suna fara magana. A ranar bayani a gaban aji wannan jiran ya fi kowane lokaci muhimmanci, don yaron da ke tsaye ƙafarsa rawa take yi, bakinsa ya bushe, kalmomin suna nan amma sai an ba su hanya.

Maganar shida a rukuni kuma, ya yi yawa. Gidauniyar Education Endowment Foundation ta Ingila, wadda ke tattara binciken ilimi, ta nuna cewa rukunin yara 3 zuwa 5 masu aiki ɗaya a gabansu shi ya fi ba da sakamako, kuma idan an tsara aikin haɗin gwiwa da kyau, a matsakaici yara suna samun ƙarin ci gaba na kamar wata 5 a shekara. Amma ita ma ta ja kunne cewa zaunar da yara wuri ɗaya kawai a ce su yi aiki tare bai isa ba.

Sai mu iyaye. Wannan kam sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Kwalin da uwa ta zana da dare, malami yana gane shi daga bakin ƙofa, yaran ma sun sani. Haka kuma miƙa wa yaro waya ya kwafo shafi guda daga intanet, ya zo yana karanta kalmomin da ko furta su bai iya ba, wannan ba bincike ba ne. Taimakon da ya fi amfani tambaya ce. A ina kika samo wannan? Kin duba wani wuri kin ga ko sun faɗi abu ɗaya? Kife takardar ki faɗa min da bakinki. In ta kasa, to ba ta gama ba tukuna. Ki zauna ki zama 'yar ajinta na minti biyar, ta tsaya ta yi miki bayani, ki yi mata tambayar da ba ta shirya mata ba. Kwali mai karkataccen rubutu da yaro zai iya kare kowane layi a cikinsa, ni shi nake ba maki mai yawa.

To idan za ki je wajen malamin, ki je da girmamawa, kuma kada ki je da ƙarar yaran mutane. Wataƙila yara sun yi masa yawa a aji, lokaci kuma ya yi masa kaɗan. Ki ce masa, Malam, a aiki na gaba ko zai yiwu a rage rukunin zuwa huɗu, kowa a rubuta sunansa a gefen yankin da zai yi? Ki roƙe shi a yi mafi yawan aikin a cikin aji inda idonsa ke kai, ba a gida ba. Ranar bayani kuma kada rukuni su zaɓi mai magana, shi ya nuna wanda ya ga dama ya tambaye shi kowane ɓangare. Da zarar yara sun san haka, za ki ga mai ƙoƙarin da kanta tana zaunar da sauran tana cewa "zo in ji ko ka gane". Makin kuma a raba shi biyu, wani kaso na rukuni, wani na kowane yaro a kan abin da ya yi da abin da ya iya bayyanawa. Masu binciken wannan fanni irin su Robert Slavin da 'yan uwan nan biyu David da Roger Johnson na Jami'ar Minnesota duk a kan wannan suka tsaya: buri ɗaya na rukuni, amma kowa a tambaye shi nasa. Bayan an gama kuma ya ba su minti goma su zauna su faɗi abin da ya yi kyau da abin da ya ɓata musu rai. Za ki sha mamakin abin da ke fitowa daga bakin yara a wannan zaman.

Ita kuma 'yar tawa, ki ce mata Malama ta ji labari kuma ta yaba da ƙoƙarinta. Sannan in ta huce, ki tambaye ta a hankali, ba da faɗa ba: cikin su biyar ɗin nan wa ya iya zane? Wa ya fi kowa ƙarfin murya? Akwai wanda ya kawo wani abu kika ce a'a? Kada ki matsa mata ta amsa nan take. Ki ce mata a karo na gaba, kafin ta ɗauki biro, ta fara zagaya kowa da tambayar me yake so ya riƙe, kuma in an ga mutum bai kawo nasa ba, a faɗa wa malami tun da sauran kwanaki, ba ranar da za a miƙa ba.

Malaman da ke nan, wanda yake da wata dabarar raba makin da ta yi masa aiki a babban aji, don Allah ya turo mana mu ƙaru. An kaɗa ƙararrawa, bari in koma. Ƙanwata, in kin ga malamin ki sanar da ni yadda kuka yi. A gaida yaran.