Amsoshin Tambayoyinku: Rumfar Injin Katako da Kwanon da Iska Ke Ɗauka

Assalamu alaikum. Duk shekara in bazara ta kama, wasiƙun da ke zuwa mini kan koma kan rufi. Bana masu injin tsaga katako ne suka fi yawa, don haka su zan ba filin yau.

"Baba, na sayi ƙaramin injin tsaga katako da aka taɓa amfani da shi, da kuɗin albasar da na noma da na bijimin da mahaifiyata ta sayar ta ba ni. Abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Injin yana zaune a fili, ko barci ba na iya yi. In lulluɓe shi da tampol har bayan damina? In kuma rumfa zan yi, yaya girmanta?" Wani matashi daga Jega.

Ɗana, kwantar da hankalinka. Allah ya saka wa mahaifiyarka da alheri, ya ba ka ikon mayar mata da bijimi biyu. Tampol na kwana biyu ne. In ya daɗe a kan ƙarfe da damina gumi yake tarawa, teburin ya yi tsatsa, boris ya ci, damshi ya shiga koyil, wato naɗin wayar da ke cikin injin. Rumfa za ka yi. Ga lissafin: falankin da aka saba tsawonsa ƙafa 12 ne. Kana bukatar ƙafa 12 a bayan zarto inda itace zai shigo, wata 12 a gaba inda zai fita, sannan tsawon teburin kansa. Ka ga ƙafa 30 ita ce mafi ƙaranci, 36 ta fi sakewa. Faɗi ƙafa 16 zuwa 18. Tsayi kada ya gaza ƙafa 10 a ɓangaren da ya fi ƙasa, saboda zafin kwano da ƙura. In kuɗi ba su kai ba, fara rufe tsakiya, inda injin yake, da ginshiƙai shida masu ƙwari, ka ƙara sauran bayan kaka. Ƙarama mai ƙarfi ta fi maka babba mai rawa.

"Me zai hana in yi rufin ciyawa in kewaye da zana? Ya fi sanyi, ya fi araha." Daga Koko.

Malam, ka san amsar kafin ka rubuto. Dusar katako a ƙasa, man gas a jarka, salansa tana tartsatsi, sannan busasshiyar ciyawa a sama? Da hunturu ko guga ba za ka kai ga ɗauka ba. Kuma ba kai kaɗai za ka ƙone ba, har da maƙwabtan da ba su ji ba ba su gani ba. A'a.

"Na je sayen kwano, an nuna mini bandir biyu, tambari iri ɗaya, ƙyalli iri ɗaya, amma ɗaya ya fi araha sosai. Mai shago ya ce duk ɗaya ne. Tunda rumfa ce ba ɗakin kwana ba, ba sai in ɗauki mai arahar ba?" Wani Alhaji daga Birnin Kebbi.

Alhaji, a nan zan ɗan daɗe, domin wannan magana ta "ai rumfa ce kawai" ta ja wa mutane asarar da ba ta misaltuwa. Rumfa ta fi ɗaki bukatar kwano mai kauri. Ɗaki yana da bango huɗu da silin, iska ba ta samun ƙofar shiga ƙarƙashin rufinsa. Rumfa kuwa a buɗe take. In hadarin farkon damina ya taso daga gabas, iskar da ke gabansa takan shige ƙarƙashi ta tura rufin sama. Shi ya sa ba ka cika ganin rumfa ta rufta ƙasa ba, sai dai a wayi gari a tsinci rufinta a gonar wani. Ka je ka duba irin wannan wuri: ƙusoshin suna nan daram a jikin katako, kwanon ne ya yage ya fice ta kansu, saboda ba shi da naman da zai riƙe hular ƙusa.

Kwano kuwa ba duk ɗaya ba ne, ko mai shago ya rantse. Akwai mai kaurin milimita 0.15, akwai 0.20, akwai wanda ya fi haka, akwai kuma wanda bai kai ko na farkon ba amma an buga masa tambarin mai kauri. Ido ba ya rarrabe su, sikeli ne ke rarrabewa. Bandir falle 20 ne. Fara ƙirga su da hannunka, don ana zare ɗaya ko biyu a mayar da ɗauri. Sannan a ɗora bandir biyun a sikeli, ko da na masu sayen tsohon ƙarfe ne. In tsawo da faɗinsu ɗaya ne, mai 0.15 zai yi kashi uku cikin huɗu na nauyin mai 0.20. Mai shagon da ya hana ka awo ya riga ya gaya maka gaskiya, ka kama gabanka. Ka kuma ɗaga falle ɗaya ta gefe: in ya lanƙwashe kamar takarda, ko ka danna da babban yatsa ya lotsa, bar musu kayansu.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, mutum zai zuba dukiya a injin da janareta, ya yi walimar buɗewa, ya ɗinka sabuwar shadda, sai a kan abin da zai kare dukiyar ya tsaya yana ƙwauron 'yan dubbai. Na ga wani a gefen garinmu da ya yi haka. Ruwa na biyu ya kwashe rufin da dare, ruwa ya sauka a kan injin, yaronsa ya tayar da shi da safe bai bari ya bushe ba, koyil ya ƙone. Kuɗin sake naɗi, da sati ukun da ya yi ba aiki, da sabon kwanon da ya saya dole, sun ninka abin da ya ce ya rage sau da yawa. Wannan ma da sauƙi. Fallen kwano in iska ta ɗauke shi wuƙa ne, kuma yara ne ke gudu a layi in hadari ya haɗo. Wa zai ɗauki wannan alhaki saboda rangwamen bandir?

Ko ka sayi mai kyau, aikin bai ƙare ba, domin kafinta ma yana da nasa ha'incin in ba a tsaya a kansa ba. Katakon da ake buga kwano a kai kada tazararsa ta wuce ƙafa biyu da rabi. Ƙusa mai hula za a sa, a kan tudun kwano, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma a bakin rufi a buga kowane tudu, don daga baki iska ke fara ɓamɓara. Kowane katakon rufi a ɗaure shi da langa-langa ko rodi a jikin ginshiƙi, ƙusa kaɗai ba ta isa ba. Ɓangaren gabas shi za ka sa ya fi ƙasa, ka toshe shi da kwano ko bulo, ka bar yamma a buɗe don shigo da gumagumai. Kakanninmu da suka fi kula da bangon gabas ba don ado suka yi ba. Haka wayar wuta: kankare bakinta ka gani, in ciki fari ne an shafa masa ja a sama, jabu ce, zafi za ta ɗauka. A sa ta cikin fayif, makunni kuma cikin akwati mai murfi, don ƙurar katako ba ta shiri da tartsatsi.

"Ni gwauruwa ce, ɗana nake so in kafa wa sana'a da ɗan gadonsa. Kafinta ya ce ginshiƙan katako, mai walda ya ce na ƙarfe. Ina tsoron a cuce ni don ban san kan abin ba." Wata uwa daga Zuru.

Hajiya, Allah ya jiƙan maigidan, ya raya abin da ya bari. Tsoronki yana kan hanya, kowanensu sana'arsa yake tallatawa. In da hali, ɗauki fayif ɗin ƙarfe mai kauri, inci uku ko huɗu, domin gara ba ta cin ƙarfe, wurin katako kuwa gidan gara ne. A haƙa rami ƙafa biyu da rabi zuwa uku, a walda guntun rodi a gicciye a gindin fayif don kada iska ta zare shi, a zuba kankare: buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. A yi ta ba shi ruwa kwana bakwai kafin a ɗora masa nauyi. In itace za ki iya, nemi ƙirya ko azarar giginya, a shafe gindin da baƙin mai. Malaina da farin katako ba na binnewa a ƙasa ba ne. Kada ki ba kowa kuɗin kaya a dunƙule. Ki tura ɗanki da wani dattijo amintacce su sayo, mai aiki a biya shi ladan hannunsa kashi-kashi. Ki sake rubuto mini in an fara.

"An yi mini tayin fili mai araha a bakin fadama. In saya?" Daga Argungu.

Ka manta ambaliyar 2020 ke nan? Nemi tudu, inda mota za ta iya shiga da lodi a watan Agusta, nesa kaɗan da gidaje saboda ƙara da ƙura. Kafin ka haƙa rami ko ɗaya, ka je ofishin gandun daji da ƙaramar hukuma ka san takardun da ake nema.

"Dole ne in yi wa rumfar daɓen siminti gaba ɗaya?" Daga Yawuri.

Ba dole ba. Ƙarƙashin injin kaɗai ke bukatar kankare mai kauri, a daidaita shi da ma'aunin ruwa, a dasa ƙusoshin ɗaure injin tun yana ɗanye, in ba haka ba girgiza za ta karkatar da tebur, falanki ya riƙa fita da kauri biyu. Sauran wurin a cika da jar ƙasa a daddaɓe, ya ɗara waje tsayi da taƙi guda, a ja kwata ta baya. Dusar kuma a kwashe ta kullum kafin a tashi, masu kiwon kaji suna nemanta da kuɗinsu.