Raba iyalan bayi a Amurka: muguntar mutum ɗaya ce, ko haka tsarin yake?

Tambaya: Malam, na sha karanta cewa a zamanin bauta a Amurka ana raba uwa da ɗanta, miji da matarsa. Halin wasu mugayen iyayengiji ne kawai, ko kuwa haka abin yake tun asali?

Amsa: Haka tsarin yake. Mugaye dai ba a rasa su ba, amma ko ubangida mai sassauci bawa ya samu, iyalinsa ba su tsira ba, domin a idon doka shi dukiya ne kamar doki ko gona. Duk abin da ke raba dukiya kuwa, zai raba shi da nasa.

Dokoki biyu ne ginshiƙin abin. Tun 1662 Virginia ta yi dokar cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa: in baiwa ce, abin da ta haifa na ubangidanta ne, ko da shi ne uban. Na biyu, kotu ba ta san auren bayi ba. Miji ba shi da bakin magana a kan matarsa, balle 'ya'yansa.

Ranar da bayi suka fi tsoro ita ce ranar mutuwar ubangida. Sai a zo a yi musu kuɗi ɗaya bayan ɗaya, a rubuta su tare da shanu da kujeru, a raba wa magada. In akwai bashi, sai gwanjo. Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya mutu a 1826 da bashi har wuya. Ya 'yanta mutum biyar a wasiyyarsa, cikinsu har da wani maƙeri, Joseph Fossett. A Janairun 1827 aka yi gwanjon bayi 130, aka sayar da matar Fossett da 'ya'yansa. Ban da gado akwai jingina, akwai kyautar da uba ke yi wa 'yarsa in za ta tare, akwai kuma ba da bawa haya na shekara guda, wanda aka saba ƙullawa ranar 1 ga Janairu.

Sai auduga ta ƙara dagula lamarin. Bayan an hana shigo da bayi daga Afirka a 1808, gandayen Mississippi da Alabama da Louisiana suka koma saye daga Virginia da Maryland. Kafin 1860 an kwashe kusan mutum miliyan ɗaya zuwa can. Fatake ba iyali suke nema ba, majiya ƙarfi suke so, samari da 'yan mata. Tsoho da jariri nauyi ne a wurinsu. Maza a ɗaure su bibbiyu, a zura doguwar sarƙa ta tsakiya, mata na biye, a yi makonni ana tafiya a ƙasa har kasuwar bayi ta garin Natchez a Mississippi. Wasu kuma a jirgin ruwa ake kai su New Orleans.

Louisiana ta hana sayar da yaro ɗan ƙasa da shekara 10 ba tare da uwarsa ba, amma dillali yana cewa maraya ne, magana ta ƙare. Haka a gwanjon garin Savannah na jihar Georgia a Maris 1859, inda Pierce Butler ya sayar da mutum fiye da 400 don biyan bashi, an ce ba za a raba iyali ba. Sai dai iyali a wurinsu miji da mata da ƙananan yara ne. Kaka, wa, ƙanwa, ɗan da ya girma, kowa ya bi mai sayensa.

Da aka soke bauta a 1865, mutane suka shiga cigiyar 'yan'uwansu a jaridu, ana karantawa a coci. Wahalar ita ce sau da yawa sunan bawa yana canzawa in ya canza hannu, shi ya sa mai cigiya kan jera sunayen waɗanda suka mallaki uwarsa da garin da ya yi mata ganin ƙarshe. An ci gaba da buga irin wannan cigiya har farkon ƙarni na 20.